Baffa da labarin "an gano magani"

Daren Talata ne wajen sha ɗaya saura, har zan kashe data in kwanta sai na ce bari dai in leƙa guruf ɗin gidanmu na WhatsApp, ina buɗewa na tarar da saƙo ya fi arba'in, wannan ya ce Alhamdulillah wancan ya ce Allahu Akbar, hotunan hannun addu'a birjik, ashe ɗan yayarmu ne ya turo wani labari mai kanu da manyan baƙaƙe wai masana kimiyya sun gano maganin kansar mafitsara. Ba wanda ya kama suna amma kowa a gidan ya san da wa ake. Ni dai ban ce komai ba, na buɗe labarin na karanta har ƙasa, a sakin layi na kusa da ƙarshe ne aka faɗi cewa a jikin ɓeraye aka yi gwajin. Na aje wayar na kwanta amma barci ya ƙi zuwa, don na san gobe da sassafe ni za a kira.

Haka kuwa aka yi, ana idar da sallar asuba sai ga kiran Baffa.

"Kai ɗan nan, ka ga abin da yaran nan suka turo? Wai an samo maganin abin nan?"

Baffa bai taɓa kiran ciwon da sunansa ba, kullum abin nan ne. Na ce Baffa ina kwana, ya jikin, ya ce jiki da sauƙi, ba wannan na tambaye ka ba. Na ce Baffa na gani, amma a jikin ɓera suka gwada tukuna. Ya yi shiru har na ɗauka netwok ne ya yanke, can sai ya ce, "To Allah ya ba ɓerayen lafiya," ya kashe wayarsa.

Na yi dariya amma wallahi abin ya tsaya min a rai, saboda ni ma na taɓa yi wa baffan wani irin wannan. Na yi 'yan shekaru ina fassara labaran ƙetare a wani gidan rediyo kafin in bar aikin, kuma na san yadda ake dafa irin wannan labarin don da hannuna na sha dafawa. Masu bincike za su rubuta takarda mai tsawo cike da watakila da idan da amma, jami'ar da suke aiki tana son suna da kuɗin bincike sai ofishin yaɗa labaranta ya fitar da sanarwa ya zubar da rabin watakilan, jaridar Turawa ta ɗauka ta zubar da sauran, kafin abin ya iso teburina saura minti ashirin a shiga labarai kuma daƙiƙa arba'in aka ba labarin, to me zan rubuta? "Masana a ƙasar Amurka sun gano maganin..." shikenan an wuce wurin. Ba ƙarya na zauna na shirya ba, amma in aka haɗa abin da mai binciken ya rubuta da abin da tsoho ya ji a rediyonsa a zaure sai ka rantse labari biyu ne. A lokacin ban taɓa kawo wa raina cewa akwai wanda zai ji ya kwana yana lissafin gonar da zai sayar ba.

Ko sunan ciwon ma mun kwafsa. Mun saba cewa kansar mafitsara, ko sankarar mafitsara, alhali mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa kuma tana da nata ciwon dajin daban. Wannan da ake magana wata 'yar tsoka ce kamar ɗan goro da ke zaune a ƙarƙashin mafitsarar ta kewaye hanyar da fitsari ke bi, maza kaɗai ke da ita, likitoci na ce mata furostet. Kuma tana iya kumbura saboda tsufa kawai ba tare da daji ba, wannan ma shi ya fi yawa. Ku tuna farkon 2024 da Sarki Charles na Ingila ya kwanta asibiti aka yi masa aiki saboda kumburin nan, daga baya fadarsa ta ce an ga daji a jikinsa amma ta faɗa ƙarara cewa ba na furostet ba ne, duk da haka har yau akwai masu ce min ai ciwon Baffa irin na Sarkin Ingila ne.

Shi Baffa nasa ya faro ne da tashin dare, sau uku sau huɗu yana fita da buta, fitsarin na zuwa a tsinke, shi da abokansa na majalisa suka yanke hukunci cewa sanyi ne, wani ya ce a'a basir ne ya taso, aka yi ta shan jiƙe-jiƙe na masu yawo a mota da lasifika kusan shekara biyu. Sai ciwon baya ya shigo, aka ce ai noma ne da shekaru. Ranar da fitsari ya tsaya cak da tsakar dare, dattijon da ban taɓa jin ya ce wash ba yana ta juyi a tabarma yana salati, ranar muka kai shi asibiti aka sa masa roba. Gwajin jinin nan na PSA da aka ce in ya wuce 4 a fara bincike, nasa ya haura ɗari. Aka ɗebi tsoka aka auna, aka yi hoton ƙashi, likitan ya kira ni gefe ya ce min Malam abin ya riga ya shiga ƙashin baya, ba maganar warkewa muke ba yanzu, maganar riƙe shi muke, kuma ana iya riƙe shi shekaru in Allah ya so.

Tun daga ranar na koma mai karatun dole, duk labarin da aka turo sai na bi shi har tushe, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba duka ne ƙarya ba. Da ƙarya ce zalla ai da sauƙi, sai ka ce ƙarya ce kowa ya kama gabansa. Matsalar ita ce gaskiya ce aka hura mata iska.

Ku ɗauki abiraterone, ƙwayar da Baffa yake sha yanzu haka. A wata cibiyar binciken daji da ke Landan aka ƙirƙiro ta tun shekarun 1990, sai a watan Yulin 2008 kafafen labaran Ingila suka ɗauki ɗumi, har wasu suna cewa watakila ba a samu ci gaba irinsa ba a wannan fanni cikin shekara 70. Kun san mutum nawa aka gwada a kansu a binciken da ya jawo wannan hayaniyar? Ashirin da ɗaya. Mutum 21, ko sahu ɗaya ba za su cika ba a masallacin unguwarmu. Kuma a lokacin ba a sayar da maganin ko'ina, wanda ya karanta jarida ya ruga wajen likitansa sai dai a ba shi haƙuri. Sai a 2011 babban gwajin ya fito, mutum 1,195 waɗanda ciwonsu ya yi nisa har an riga an yi musu kemo, wato maganin daji mai ƙarfi da ake sawa ta jijiya, sakamakon shi ne waɗanda suka sha maganin tsaka-tsakin abin da suka rayu wata 14.8, waɗanda ba su sha ba wata 10.9. Wata huɗu kenan ba kaɗan. Daga ba a taɓa ganin irinsa ba cikin shekara saba'in zuwa wata huɗu.

Amma in an ciza a hura, don labarin bai ƙare a nan ba, kuma wannan ɓangaren ne 'yan jarida ba su cika komawa kansa ba saboda ya daina zama sabo. A 2017 wasu manyan gwaje-gwaje biyu, STAMPEDE da LATITUDE, suka nuna cewa in aka fara ba da maganin da wuri, tun lokacin da aka gano ciwon ya bazu ba sai an jira komai ya ƙi ci ba, amfaninsa ya fi haka nesa ba kusa ba. A LATITUDE ƙarshen lissafi ya nuna wata 53 da 'yan kai ga masu sha, wata 36 da rabi ga marasa sha, kusan shekara ɗaya da rabi kenan. Daga baya kamfanonin Indiya suka fara yin nasu mai rahusa, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. To kun ga maganin na gaske ne, sai dai tsakanin ranar da jarida ta yi guɗa da ranar da ya iso hannun tsoho irin Baffa an fi shekara goma, kuma duk wanda ya karanta kanun 2008 yana kwance da ciwon da ya yi nisa, da wuya in ya ga wannan ranar. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Maganar tsaka-tsakin nan ma sai da likitan ya zaunar da ni ya warware min, don ni da na ɗauka kowa wata huɗu ake ƙara masa kamar rabon gado. Ya ce a'a, a jera mutanen ne daga wanda ya fi saurin rasuwa zuwa wanda ya fi daɗewa a ɗauki na tsakiya, akwai wanda maganin bai yi masa komai ba sai wahala, akwai wanda ya ba shi shekaru, kuma ba mai iya gaya maka tun farko a wane sahu naka zai faɗa.

Da na ci gaba da bin tarihin sai na lura wata huɗun nan kamar an yi masa rijista. A 2010 Amurka ta amince da Provenge, wanda aka yi ta yayatawa da sunan rigakafin ciwon daji na farko, kalmar rigakafi kuwa a kunnen Bahaushe allurar da ake yi wa yara ce don kar su kamu, alhali wannan ba ya hana kowa kamuwa, jinin mara lafiya ake ɗiba a sarrafa ƙwayoyin garkuwar jikinsa a mayar masa. Kuɗinsa dala 93,000, abin da ya ƙara wata 4.1, kamfanin da ya yi shi kuma, Dendreon, a 2014 ya shigar da takardar karayar arziki. Sai na baya-bayan nan da aka fi turo min, Pluvicto na kamfanin Novartis da aka amince da shi a watan Maris na 2022, wanda bidiyoyi ke kwatanta shi da makami mai linzami da ke bin ƙwayar daji har maɓoyarta. Dabarar dai abin burgewa ce ba zan ɓoye ba, sinadari ne mai tiririn nukiliya aka ɗaura a jikin wani abu da ke manne wa ƙwayoyin dajin. Gwajin da aka yi da mutum 831 ya ba da wata 15.3 da wata 11.3. Wata huɗu kuma! Kowace allura dubban daloli ce masu yawa kuma har shida ake yi, kafin a yi maka sai an ɗauki wani hoto na musamman da ke buƙatar na'urar da ba ko'ina ake samu ba, sannan shi sinadarin duk bayan kimanin kwana shida da rabi rabin ƙarfinsa ya tafi, ba abin da za ka ba ɗan'uwanka mai dawowa daga Umara saƙo ya riƙo maka a jaka ba ne. Wani ƙanin babanmu har ya fara maganar a sayar da filin gado saboda wannan bidiyon, na ce Kawu wannan fa cinikin biri a sama ne, ya ce ni dama ba na son a motsa.

Wannan ita ce illar da ba a lissafa wa kanun labari, yana shigowa gida ya raba kan 'yan'uwa, mai cewa a dakata a bincika ya zama mara tausayi, mai cewa a sayar da komai ya zama shi ne mai ƙaunar mara lafiya.

Alhali abin da ke riƙe da Baffa a zahiri tsohon ilimi ne da ya girmi Najeriya mai 'yanci. Tun 1941 wani likita a Jami'ar Chicago, Charles Huggins, ya nuna cewa wannan dajin da sinadarin mazantaka yake rayuwa, in ka yanke masa shi sai ya lafa, har aka ba shi kyautar Nobel a 1966 saboda haka. Hanya biyu ce, ko a yi ƙaramin aiki a cire 'ya'yan maraina sau ɗaya a huta, ko a riƙa yin allura a fatar ciki duk wata ko duk wata uku har illa masha Allah. Aikin ya fi arha nesa ba kusa ba kuma aikinsu ɗaya da allurar, likitan ya yi wa Baffa bayani cikin ladabi yana ta kewaye-kewaye, Baba kaza Baba kaza, Baffa ya bari sai da ya gama ya ce, "Likita, ni makiyayi ne kafin in zama manomi, na san sunan abin da kake nufi, ba za a yi min ba." Muka koma allura, muna karo-karo duk wata uku, kuma duk lokacin da dala ta motsa sai kuɗin allurar ya motsa. Ban taɓa ganin an turo labarin Huggins a guruf ba, ba shi da bidiyo mai kiɗa.

Akwai ma wani ɗan bincike da ni a wurina ya fi duk makaman linzamin nan daraja, kuma ban ji ko tashar da ta ɗauke shi ba. Ita abiraterone ƙwaya huɗu ake sha kullum da cikin da ba komai, to wasu likitoci a Chicago suka gwada a kan mutum 72 suka wallafa a 2018, suka ga ƙwaya ɗaya tak in aka sha tare da karin kumallo mara maiƙo sosai tana sauke PSA kamar yadda huɗun ke yi, saboda abinci na sa jiki ya fi zuƙar maganin. Kwalbar wata ɗaya ta kai ka wata huɗu kenan. Gwajin ƙarami ne, kuma don Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya rage wa mara lafiyarsa magani da kansa, magana ce da za ka kai wa likitanku shi ya yanke, amma ku duba fa, labarin da zai rage wa talaka kashi uku cikin huɗu na kuɗin magani ba wanda ya yi masa kanu, don ba kamfanin da zai ci riba in ya yaɗu.

Sai maganar na'urori, wannan kam ba zan daɗe a kai ba. Mutum-mutumin tiyata mai suna da Vinci tun shekarar 2000 aka amince da shi a Amurka, asibitoci suka yi ta talla da shi kamar shi ke yin aikin da kansa alhali likita ne zaune yana sarrafa shi, da aka zo aka gwada shi da aikin hannu a Brisbane ta Ostareliya aka wallafa a 2016, an ga jini bai cika zuba ba kuma ana saurin sallamar mutum, wannan gaskiya ne, amma wajen riƙe fitsari da ƙarfin namiji bayan wata uku ba wani bambanci. Gashin furoton ma, wani nau'in ƙona daji da na'ura da ake gina masa gini na miliyoyin daloli, gwajin da aka gabatar a 2024 da mutum 450 bai nuna ya fi gashin zamani da aka saba ba. Masu kai mutane Indiya da Masar da Dubai sun san waɗannan sunaye sarai, su suke fara jefo maka a waya.

Binciken da ya fi girgiza ni shi ne na ProtecT a Birtaniya, maza 1,643 da aka gano nasu da wuri tun bai fita daga tsokar ba, aka raba su uku, wasu tiyata, wasu gashi, wasu kuma sa ido kawai ana aunawa lokaci-lokaci. Bayan shekara 15, a sakamakon da ya fito a 2023, kusan 97 cikin ɗari ciwon bai kashe su ba, ko wane rukuni suke. Eh waɗanda aka sa wa ido ciwon ya fi bazuwa a jikinsu, kusan ninki biyu, amma mutuwar kusan ɗaya ce. Da na karanta sai na zauna ina tunanin shekara biyun da Baffa ya yi yana shan jiƙo. Nelson Mandela an yi masa gashi a 2001 ya rayu har 2013, Desmond Tutu, babban limamin cocin nan na Afirka ta Kudu, an gano nasa a 1997 bai rasu ba sai 2021. Ajali dai na Allah ne, amma ba wani maganin mu'ujiza aka ba su ba, da wuri aka gani.

A nan ne kuma wani nau'in labarin ke cutar da mu ta bayan gida. Su can ƙasashen Turawa damuwarsu ita ce gwaji ya yi yawa, ana tono ƙananan dajin da ba za su taɓa kashe mutum ba a yi masa aiki a bar shi da yoyon fitsari da rashin ƙarfi a banza, har Richard Ablin da ake danganta gano PSA da shi ya rubuta a jaridar New York Times a 2010 yana kukan yadda ake amfani da gwajin, a 2012 kwamitin da ke ba Amurka shawara ya ce a daina yi wa kowa da kowa, a 2018 suka sassauto suka ce masu shekara 55 zuwa 69 su tattauna da likita su zaɓa. To sai wani ɗan boko a nan ya tsinci rabin labarin ya zo majalisa yana cewa ai Turawa ma sun ce gwajin ba shi da amfani. Malam, mai ƙoshi ne ke maganar rage cin abinci. Mu da yawancin namu sai fitsari ya tsaya ko ƙafa ta mutu ake kai su asibiti, mu da alƙaluman Birtaniya kansu suka ce baƙar fata ɗaya cikin huɗu zai gamu da ciwon a rayuwarsa alhali a jimlar maza ɗaya cikin takwas ne, kuma su mutanen ProtecT ɗin kusan dukkansu farare ne. A Najeriya shi ne dajin da ya fi kama maza, ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya na 2022 ya kai kimanin mutum dubu 18 a shekara, kwamitin mujallar likitoci ta Lancet kuma a 2024 ya ce a duniya adadin zai tashi daga miliyan 1.4 a 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040. Ko Joe Biden da likitocin Fadar White House suka yi shekaru suna kewaye da shi lokacin yana shugaban Amurka, a watan Mayun 2025 da aka sanar da nasa ya riga ya shiga ƙashi, ranar Baffa ya ce to ashe ba mu kaɗai ne sakarkaru ba.

Waɗanda suka fi kowa cin moriyar kanun labaran nan kuwa su ne 'yan kasuwar magani na Facebook da TikTok. Da zarar an ce bincike ya nuna wani sinadari a tumatir ko rumman ko ganyen kaza ya kashe ƙwayar daji a cikin kwalbar gwaji, washegari za ka ga an ɗora hoton labarin a gefe, a ɗaya gefen ga roba an liƙa mata takarda, ga lambar waya, ana turawa ko'ina a faɗin ƙasa. A cikin kwalba ai ko ruwan batir ka zuba zai kashe ƙwayar daji. An taɓa yin irin wannan zumuɗin a kan bitamin E da sinadarin selenium, aka ce suna kare maza, Amurka ta tara sama da mutum 35,000 ta gwada, a 2011 sakamako ya nuna masu shan bitamin E ɗin ma sun fi kamuwa da kashi 17 cikin ɗari. Sannan labarin 2022 na maganin da ya share daji a jikin duk wanda aka ba, wanda har yau yake dawowa guruf ɗinmu duk bayan 'yan watanni kamar sabo, shi ma gaskiya ne, amma mutum 12 ne a rahoton farko, kuma wani nau'i ne na musamman na dajin ƙarshen hanji, ba ruwansa da ciwon Baffa. Sau uku ina bayanin wannan, a na huɗu na gaji na tura hannun addu'a ni ma.

Ni yanzu in aka turo min, tambayoyina ba su da yawa, mutum aka ba ko ɓera, su nawa ne, an kwatanta da waɗanda ba a ba ba, kwana ya ƙaru ko lambar gwaji ce kawai ta sauka, nawa ne kuma a ina. Yawanci kafin in kai ta uku labarin ya watse. Kuma na fi son in ji labarin injin gashi, ko na Zariya da Sakkwato da Abuja suna aiki, ko sabuwar cibiyar Katsina da aka buɗe a 2025 ta rage wa mutane tafiya, ko asusun tallafin masu daji na gwamnatin tarayya da aka ce ya haɗa da wannan ciwon yana isa ga na ƙauye, don wanda daji ya ci wa ƙashin baya gashi ɗaya ko biyar na iya sa ya yi barci, wannan kuwa ba ya buƙatar wani sabon bincike.

Makon jiya na raka Baffa allurarsa, muna zaune a benci muna jiran layi ya ga ina ta latsa waya ya ce me kuma aka gano yau. Na ce ba komai Baffa, na tsaya ina ba shi labarin wata huɗun nan, yadda kowane magani in aka gama kururuwa sai ka tarar wata huɗu ne, ina faɗa ina dariya ina jiran ya taya ni, don na san shi da ba'a. Bai yi dariya ba. Ya gyara zaman robar da ke ƙarƙashin babbar rigarsa ya ce, "Wata huɗu kake rainawa? Kai da ba ka noma. In na yi shuka ruwan farko, wata huɗu ai na yanke gerona na ɗaure na kai rumbu, har na ga wake ya fara fure." Na ce haka ne Baffa. Ya ce, "Abin da ban yarda ba shi ne a ce min shekara goma in sayar da gonar, ashe damina ɗaya ce, to in shuka a ina?"

Nas ta leƙo ta kira lambarmu, na miƙe na kama masa hannu ya ture ni ya ce shi ba gawa ba ne, ya ɗauki sandarsa ya shige gaba, ni kuma na bi shi da ledar allurar da ƙanƙararta ta fara narkewa tana ɗiga a kan takalmina.